Giɓin Lokaci a Zanen Wutar Sola

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa zanen da manhaja ta nuna maka a gidan da ka je dubawa ya miƙe sambal daga ƙarfe sha ɗaya na safe zuwa biyu na rana, har ka fara zargin inbata, wato na'urar da ke juya wutar farantan sola zuwa wutar gida. Kafin ka kwance waya ko ɗaya, ka fara tuhumar zanen kansa.

Ƙaramar na'urar da ke maƙale a jikin inbata ita ce ke aika awo ta intanet, galibi duk bayan minti 5, wato awo 288 a kwana guda. Idan sabis ya ɗauke na awa uku, awo 36 ne ba su iso ba. Wata manhajar sai ta ja layi daga awon ƙarshe zuwa wanda ya biyo bayan giɓin, ta nuna maka wutar da babu wanda ya auna ta. Wata kuma ta cike wurin da sifili, kuma wannan ya fi haɗari, domin sifili yana nufin an auna an tarar farantai ba su ba da komai ba, alhali gaskiyar magana ita ce ba a auna ba. Na taɓa ganin mai gida ya kusa sayen sababbin batura saboda irin wannan sifilin, kuma kayansa lafiyarsu ƙalau.

Akwai kuma manhajar da ke jera awo daf da juna ba tare da la'akari da agogo ba, har ƙarfe sha ɗaya ya zauna kusa da ƙarfe biyu, giɓin ya ɓace gaba ɗaya. Saboda haka ka riƙa karanta sa'o'in da ke ƙasan zanen, ka tabbatar tazararsu daidai take. Zanen ƙwarai shi ne wanda ke yanke layi, ya bar wurin fayau gwargwadon tsawon lokacin da aka rasa.

Wutar da aka samu a cikin giɓin kuwa ba ta ɓata ba, domin inbata tana ci gaba da ƙidayar jimillar wutar da aka samu ko babu sabis. A ce kafin yankewar jimillar tana 4,210, bayan dawowar sabis ta zama 4,219, to farantan sun ba da kilowat-awa 9 a tsakani, kuma aiki bai tsaya ba. Idan lambar ba ta motsa ba da rana tsaka, a nan ne za ka ɗauko mitar gwada wuta ka bi layin farantai da fis. Ka kuma ɗan saurara, domin wasu na'urorin suna ajiye awo su tura daga baya.

Ka duba agogon na'urar tukuna. Da yawa suna zuwa da lokacin ƙasar Sin, wanda ke gaban namu da awa 7. A nan Kano, ranar da babu hadari ko hazo, ƙololuwar zanen tana faɗowa wajen ƙarfe sha biyu da rabi; idan ka gan ta bayan magariba, saitin lokaci za ka gyara.