Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Agogon Tangaran da na Zaren Kabon Ke da Tsada?

Tambaya: Malam, na ga ana tallar agogunan hannu na alfarma da aka ce an ƙera su da tangaran ko da zaren kabon, kuma kuɗin wasunsu ya zarce na agogon zinariya. Ta yaya abin da ke fashewa kamar faranti zai fi zinariya daraja?

Amsa: Malam, tambayarka tana kan hanya, sai dai tangaran ɗin agogo dabam yake da na faranti. Ana yin sa ne da garin wani sinadari mai suna zirkoniya, a matse shi a cikin mazubi, sannan a gasa shi a tanderu da zafin da ya kai wajen digiri 1,450, inda yake tsukewa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa. A nan wahalar take, domin tilas maƙera su yi lissafin wannan tsukewa tun kafin gashi, kuma da zarar ya fito daga wuta ya yi taurin da sai da lu'ulu'u ake iya yanka shi a goge shi. Taurinsa ya ninka na ƙarfen agogo wajen sau biyar, shi ya sa mabuɗi ko bakin tebur ba sa karce shi, rana kuma ba ta koɗar da launinsa. Kamfanonin Rado da IWC na Suwizalan sun fito da irinsa a 1986, Chanel ta yaɗa shi da agogon J12 a shekara ta 2000, Rolex kuwa ta fara sa shi a zoben da ke kewaye fuskar agogo a 2005.

Zaren kabon kuma rashin nauyi ne amfaninsa. Daga motocin tsere da jiragen sama aka aro shi: siraran zaruruwa ne da ake jerawa a haɗe su da wani irin danƙo, a matse su da zafi. Kamfanin Audemars Piguet ya fara amfani da dunƙulallen kabon, wato guntayen zaren da aka matse a mazubi, a 2007, agogon da kamfanin Richard Mille ya yi wa ɗan wasan tanis Rafael Nadal a 2010 kuwa nauyinsa kimanin giram 20 ne har da maɗaurinsa, abin da ya ba shi damar buga wasa da shi a hannu. Idan ka duba wasu agogunan zaren kabon da kyau za ka ga zane kamar jijiyar katako, kuma ba a samun guda biyu masu zane iri ɗaya.

Ka ga ke nan kuɗin na aiki ne da suna, ba na kayan kansu ba, kuma ina ganin wannan ne ya kamata mai saye ya riƙe a ransa. Zinariya ko ta lotse ana iya gyara ta, in ma agogon ya lalace ana narka ta a sayar, amma tangaran da kabon ba su da wannan daraja. Tsoronka na fashewa ma gaskiya ne: agogon tangaran da ya faɗi a kan siminti yana iya ɓantarewa ko ya tsage, ba a kuma yi masa walda, sai dai a sauya gidan agogon gaba ɗaya a wurin kamfanin da ya ƙera shi. Saboda haka, kafin ka biya, ka tambayi nawa ne kuɗin wannan sauyi, ka kuma tabbata kamfanin yana ajiye kayan gyaran samfurin da ka zaɓa.