Amsa ga mai tambaya kan yaran da ke barin sana'a bayan horo

Malam, ka tambaya me ya sa matasan da ake koya wa sana'a a shirye-shiryen tallafi ba sa daɗewa a kan aikin. Ni tela ne a wajen Ƙofar Marusa a Katsina, shekarata 19 a kan keke, kuma sau biyu ina karɓar irin yaran nan.

Na farko wata ƙungiya ce ta tara su a aji wata uku, ana rubuta musu awo a allo, keke ɗaya mutum biyar suna layi. Aka yi bikin yaye, aka ɗauki hoto, aka miƙa wa kowa satifiket da sabon keke a kwali. Huɗu suka zo wajena neman aiki. Na ba ɗaya shadda in ga yankansa, sai hannunsa ya hau rawa, don bai taɓa sa almakashi a kayan da mai shi zai dawo ya karɓa ba. Kafin Babbar Sallah, uku daga cikinsu sun sayar da kekunan, ɗaya ko kwalin bai buɗe ba. Ban ga laifinsu sosai ba. Yaron da ba shi da shago, ba wanda ya san hannunsa, wa zai ba shi yadin Sallarsa?

Na biyu kuwa yara uku aka ajiye mini a shago shekara guda. Wannan ba sabon tsari ba ne, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wato NDE, da aka kafa a 1986 tana da shirin haɗa matashi da mai sana'a, kuma haka mu ma iyayenmu suka yi mana. Watannin farko guga, sa maɓalli da aiken zare. Daga nan yanka a takardar buhun siminti, sai an ga wuyan riga ya zauna kafin a taɓa yadi. Da azumi ya zo suka kwana da mu a shago. A nan suka ga yadda ake karɓar kafin alƙalami, yadda ake ba mai kaya haƙuri in wuta ta ɗauke, da ranar da ake cewa an rufe karɓar ɗinki. Wannan ba a rubuta shi a allo.

Biyu har yau suna ɗinki. Na ukun ya fi su kai, amma daga Batagarawa yake zuwa. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, alawus ɗinsu kuma sai ya yi wata biyu bai shigo ba. Ya fara fashin kwana ɗaya, ya koma uku, daga baya na ji ya tafi Legas acaɓa.

Mu iyayen gidan ma muna da namu. Akwai wanda zai karɓi kuɗin horo ya mai da yaro ɗan aiken cefane. Shi ya sa in kuna shirya irin wannan, a sa mai leƙo shago ba sanarwa, ya ce yaro ya yanka wando a gabansa.

Keken kuma kada a ba yaro ya kai gida. A kafa masa shi a shagon da ya koya na ɗan lokaci. Ɗaya daga cikin nawa haka muka yi, ina tura masa ɗinkin yara in aiki ya yi mini yawa. Bara ya kama shagonsa a Ƙofar Ƙaura, ya kwashe mini kwastomomi wajen goma, har yanzu ina yi masa tsiya a kai.