Ina tsoron gwajin ƙanjamau a Jos, kada a tona min asiri

Ɗan'uwa, ka ce ka sadu da namiji ɗan'uwanka shekaranjiya ba kwaroron roba, kuma kana tsoron zuwa asibiti. To, kada ka kwana biyu kana jan ƙafa. Akwai maganin gaggawa na hana kamuwa da ƙanjamau da ake kira PEP, sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana sha kwana 28 ba fashi. Lokacinka ya kusa ƙarewa, tafi yau.

Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) yana da sashen masu ɗauke da cutar tun da daɗewa. Ba dole ba ne ka zayyana wa kowa tarihinka, ka ce kawai ka sadu ba kariya, ka faɗi rana. Na san dokar 2014 kan auren jinsi ce ke sa mutane ɓuya. Amma a shekarar ce kuma aka yi dokar hana nuna wariya ga masu ƙanjamau, ta hana bayyana sakamakon mutum ba da yardarsa ba.

Gwajin yau ba zai nuna abin shekaranjiya ba, ka sake bayan wata 3. Ka kuma tambaye su PrEP, ƙwayar rigakafi da ake sha kullum.