Hukuncin Amfani da Ruwa da Wutar Mai Gida Wajen Wankin Mota na Bi-Gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata wankin mota ce, ina bin gidaje da ofisoshi a Kano da injin feshi da na zuƙar ƙura. Nakan jona wuta a gidan, in ɗebi ruwan tankinsu, ba tare da mun yi maganar ba. Shin ya halatta? Kuma in wani abu ya ƙone, wa zai biya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa sana'arka albarka, ɗan'uwa.

Cinikinka da mai gida ijara ce, wato shi yana sayen aikinka. Ruwa da wuta kuwa dukiyarsa ce, kuma ya zo a hadisi cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Izini yakan zo da baki, yakan zo da al'ada. Wanda ya kira ka, ya nuna maka famfo, ya ga kana jona waya ya yi shiru, ya ba ka izini gwargwadon wankin motarsa. Rashin sanin adadin ruwan daidai ba ya ɓata cinikin, domin ƙaramin garari ne, wato ɗan rashin tabbas a ciniki, da shari'a ta yafe.

Sai dai al'adar nan ta fi ƙarfi a kan ruwa fiye da wuta, domin mutane da yawa ba su san abin da injinka ke ja ba. Injin feshi na gida yakan kai wat 1,400 zuwa 2,000, yana fitar da lita 6 zuwa 8 a minti. Feshin minti goma kusan jarka uku ke nan. A mita mai kati, injin wat 1,800 da ya yi minti ashirin bai ci yunit guda ba, abu ne mai sauƙi. Amma gidan da ke kan sola da ƙaramar inbata, ko ƙaramin janareta, fizgar da injin ke yi lokacin tashi kaɗai tana iya katse wutar ko ta lalata na'urar. Haka gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. A nan shiru ba ya wadatarwa. Ka faɗi ƙarfin injinka, ka tambayi wutar da gidan ke kai, ku yanke farashi biyu: da kayanka ko da nasa.

Ka kuma lura da wanda ya ba ka izinin. Maigadi da direba ba su mallaki tanki ba, sai in mai gida ya wakilta su. A gidan haya da ake karo-karon kuɗin mita, ɗan haya ɗaya ba ya kyautar da rabon sauran. A ofis, izinin wanda ke da alhakin wurin ake nema. In ka san wutar gidan ta sata ce, an kewaye mita, kada ka jona, ko da an ce ka jona.

Cika tankinka da ruwan wannan gida don ka wanke motar wani gidan haramun ne sai da sabon izini. In ka taɓa yi, ka sanar da mai shi, ka biya ko ya yafe.

Game da ɓarna, a mazhabar Malikiyya mai sana'a yana lamunin abin da ya tafi da shi wurinsa, wato shi zai biya in ya lalace, kamar yadda ya zo a littafin Risala. Kai kuwa a gidan mai kaya kake aiki, don haka ba ka biya sai in ka wuce iyaka ko ka yi sakaci. Jona injin da siririyar waya har ta yi zafi ta narke, barin soket a inda ruwa ke kwarara, ɓoye ƙarfin injin bayan an tambaye ka, duk sakaci ne, kuma biya ya hau kanka. In ka yi bayani ya ce ka jona, ko wayarin gidan ne dama ya lalace, asarar tasa ce.

Wallahu a'alam.