Agogon ya ce yana barci, ni kuma ina zaune a bakin gadonsa

'Yar uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce an sa ɗanki a binciken barcin yara masu ADHD (matsalar nan ta rashin natsuwa da kasa tattara hankali), an ɗaura masa agogon auna motsi na mako guda, sakamako ya fito wai barcinsa lafiya lau, alhali kin san sai sha biyu ta gota yake runtsawa. Har kina tambaya ko ke ce kike ƙara gishiri. Wallahi ba ke ba ce.

Nawa yana da shekara 8 lokacin. Ranar karɓar sakamako wata ma'aikaciya ta juyo min da kwamfuta, ta nuna min wasu layuka, ta ce, "Mama, na'ura ba ta ƙarya, tun tara da rabi ya yi barci." A gaban yaron fa! Ni da na zauna a bakin gadonsa a wannan daren, idonsa tar, yana tambayata ko fanka tana gajiya. Na buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ya kalle ni, na kalle shi. A hanya ya ce, "Mama, ƙarya muka yi?" Har yau in na tuna murmushin matar nan sai raina ya sosu. Ko haƙuri ba ta ba ni ba.

Daga baya wani likita ya warware min. Agogon nan motsin hannu kawai yake ƙirgawa. Yaro ya kwanta lamo idonsa biyu, agogo ya rubuta barci. Kuma su kansu masu binciken sun daɗe da sanin cewa abin da iyaye ke faɗa yakan fi abin da na'ura ke nunawa tsanani, don rigimar ƙin kwanciya da "zan sha ruwa" sau biyar ba su shiga cikin agogo. Shi ya sa ake ba mu takardar tambayoyi kan barcin yara da ake kira CSHQ, wadda likita Judith Owens ta Amurka da abokan aikinta suka fitar a 2000. Tambaya 33 ake haɗa makinsu, in ya kai 41 ana ɗauka akwai matsala. Ki cika ta yadda kike gani, kada ki rage don kunya.

Littafin rubuta barci kuwa, ki riƙe shi da gaske. Lokacin kashe fitila, lokacin da ya yi barci, lokacin da aka cire agogo don wanka. Kowace safiya, ba ƙarshen mako ba. Na taɓa cika na kwana huɗu a zama ɗaya, ni kaina na san na ɓata. Ki rubuta ƙarfe nawa ya sha magani, don magungunan ADHD irin su Ritalin suna jinkirta barci, musamman in an sha da yamma.

Mu har kwanan asibiti muka yi don gwajin barci, wayoyi a kai, a ƙirji, a ƙafa. Daren farko ba a cika dogara da shi ba, wa zai yi barcinsa na kullum a haka? Amma gwajin asibitin ne ke kama tsayawar numfashi da harbin ƙafa. In naki yana minshari ki gaya musu. In yana kukan ƙafa da dare ki roƙa a duba masa sinadarin ƙarfe na jini. Masu cewa rashin tarbiyya ne kuwa, na daina amsa musu, ba su taɓa kwana da shi ba.

Kada ki fara ba shi maganin barcin nan melatonin ana cikin binciken ba tare da sun sani ba, zai rikita ma'aunin. Ran da za ki koma, ki tafi da littafin a hannu, ki ce a ɗora shi kusa da layukan agogon, dare da dare.