Rufaffen akwati a ɗakin kayan kumbo

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya, na bari sai da na samu natsuwa don amsar tana da ɗan tsawo. Ka ce ranar Asabar ka yi alƙalancin wasan Traveller karo na biyu, wato wasan tebur da alƙali yake jan labarin tafiyar sararin samaniya, kowane ɗan wasa yana riƙe da mutum ɗaya a cikin labarin, ka sa wa 'yan wasanka rufaffen akwati a ɗakin kayan kumbonsu, mai kayan kuma ya ja musu kunne kada su buɗe. Ba a yi minti goma ba injiniyansu ya ɗauko abin yankan ƙarfe. Kai kuma ba ka riga ka yanke abin da ke ciki ba, sai ka ce ƙarfen ba ya yankuwa. Suka kawo wata dabara ka toshe, suka kawo wata ka sake toshewa, har suka gaji suka bar akwatin, zaman ya yi sanyi. Shi ne kake tambaya: "Malam, yaya zan hana su buɗewa sai ƙarshen labari, kuma me ya kamata in sa a ciki?"

Ba a hana su buɗewa. Ranar da ka ajiye rufaffen akwati a gaban mutum huɗu da suka baro harkokinsu suka zo wasa, ka riga ka gayyace su su buɗe shi. Abin da ya sanyaya maka zama shi ne kai kanka ba ka san abin da ke ciki ba, shi ya sa ka koma gadin akwati maimakon jan labari. 'Yan wasa suna gane haka da wuri. Da zarar sun fahimci cewa duk dabarar da suka kawo za a kashe ta, sai su daina kawowa, kuma dawo da su yana da wuya.

Kafin ka zauna a tebur, ka rubuta abu huɗu a bayan takarda: abin da ke cikin akwatin, wanda ya aiko shi da dalilinsa na ɓoyewa, wanda ke jiransa a can, da wanda zai cutu idan ya isa ko idan bai isa ba. Layi ɗaya ɗaya ya wadatar. Na ƙarshen nan shi ne ƙashin bayan labarin, kuma shi masu koyo suka fi mantawa.

Amma bari mu koma baya kaɗan, don akwai abin da ya riga akwati, wato dalilin da zai sa mutum mai hankali ya karɓi kayan da bai san cikinsu ba. Wannan kuwa Marc Miller, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya riga ya yi maka aikinsa tun 1977, lokacin da kamfanin Game Designers' Workshop na jihar Ilinoyi a Amurka ya fitar da wasan cikin ƙananan littattafai uku masu baƙin bango. Ɗauki biro ka yi lissafin da kanka bisa tsoffin dokokin. Ƙaramin kumbon 'yan kasuwa mai tan 200 kuɗinsa ya ɗan haura kiredit (kuɗin cikin wasan) miliyan 37. Banki yana karɓar kashi ɗaya cikin 240 na farashin duk wata har shekara 40, wato kiredit 154,500 kowane wata. Ɗakin kayansa tan 82 ne, kuɗin dako kuma kiredit 1,000 ne kan kowane tan. Yawanci tafiya biyu ake yi a wata. Ko da sun cika ɗakin maƙil sau biyun, 164,000 suka samu, kuma ba a biya matuƙi albashinsa na 6,000 ba, ba a biya injiniya 4,000 ba, ba a sayi mai ba, wanda tataccensa 500 ne tan ɗaya. Sai an haɗa da kuɗin fasinja ake ɗan numfasawa. To wace rana ɗakin yake cika? A ƙaramar tasha ta bayan gari ka yi sa'a idan ka samu rabi.

Ka ga ke nan bashi ne yake sa su miƙa hannu. Saboda haka kada ka fara zaman da akwati. Fara da takardar banki: saura kwana 12 wa'adi ya cika, abin da ke asusunsu bai kai ba. Bari su zagaya tashar su ji dillalai suna cewa babu lodi. Sai can da yamma wani mutum mai tsabtar tufafi da sanyin magana ya same su ya ce yana da tan 12, zai biya 5,000 kan kowane tan, rabi yanzu rabi in an sauke. Kowa a teburin zai san da walakin goro a miya. Za su kalli juna, su yi gardama, su karɓa. Tun daga nan akwatin ya zama nasu, don su suka zaɓa da idonsu a buɗe, kamar direban da aka ba saƙo a tasha aka ninka masa kuɗi aka ce kada ya tambaya.

Bari in ba ka wanda na taɓa ja, ka ga yadda yake tafiya. Akwatuna uku ne, kowanne tan huɗu, takardar lodi ta ce kayan injin ban-ruwa ne za a kai wata duniyar manoma. A bayan takardata na rubuta: irin alkama ne mai rai, a cikin sanyi. Kamfanin da ke mulkin duniyar can ya haramta shigo da iri, don shi kaɗai yake sayar da nasa wanda ba a iya sake shukawa. Ƙungiyar manoma ce ta tara kuɗi shekara da shekaru ta yi odar wannan. Akwati na uku kuma ya kamu da cutar tsatsa, mai aikowa ya sani, ya yi shiru don kada cinikinsa ya lalace.

Ban ɓoye musu komai ba, na dai bar aikin kowa ya nuna masa rabonsa. A wannan wasa tan na ɗakin kaya awon fili ne, kusan kubik mita 14, ba awon nauyi ba. Don haka lokacin lodi na juya wajen mai riƙe da injiniya na ce: "Injin ɗaga kaya bai ko yi nishi ba. Ka sha loda ƙarafa masu wannan girman, ka san yadda suke sa shi kuka." Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Sake faɗa." A kwana na biyu na ce masa allon wuta yana nuna ɗakin kaya yana jan lantarki fiye da ƙa'ida. Ya bi waya ya tarar ma'aikatan tasha sun jona akwatunan da layin kumbo. Ya ɗora tafin hannu a jikin ɗaya, sanyi ƙalau, da wata 'yar ƙara a ciki irin ta firji. Wadda take riƙe da likita ita kuma na ba ta wari: wani ɗan tsami kusa da akwati na uku kawai, da jan ƙura a kan matatar iska. Matuƙi da ya duba takardu ya ga hatimin kwastan na gaske ne, amma kwanan watansa ya riga ranar da aka ce an ƙera kayan. Mutum uku, alama huɗu, babu wanda ya jefa dayis.

Wannan wurin nake so ka riƙe da kyau. A Traveller dayis biyu ake jefawa masu fuska shida irin na ludo, yawanci ana neman 8 ko sama. Hanyoyin da dayis biyu za su faɗi 36 ne, 15 kawai daga ciki suke kai 8. Idan babu ƙarin ƙwarewa, faɗuwa ta fi ci yawa. To idan ka ɗaure alamar da labarinka ya dogara da ita a kan jifa ɗaya, ka miƙa wa sa'a dukan zamanka, kuma sau da yawa za ta juya maka baya. Duk wanda ya duba inda ya dace, ba shi abin da ke wurin kyauta. Dayis aikinsa ya faɗi abin da binciken zai ci musu: shin injiniya zai buɗe murfin ba tare da ya karya hatimi ba? Shin sanyin zai tsaya in ya taɓa wayar? Zai gama kafin fasinjan da mai kaya ya saka a kumbon ya farka? Ko ya ci ko ya faɗi akwatin ya buɗe, bambancin kawai irin halin da za su tsinci kansu a ciki.

Sai maganar lokaci, wadda wasan ya ba ka a banza amma ba ka yi amfani da ita ba. Tsalle daga tauraro zuwa tauraro mako guda yake ci, kusan sa'a 168, ko nisan fasek (ma'aunin tazarar taurari) ɗaya ne ko shida. A cikin makon nan babu rediyo, babu kira, don a duniyar Traveller labari ba ya wuce gudun kumbon da ya ɗauko shi. Ba za su iya tambayar mai kaya ba, ba za su iya kiran hukuma ba, ba za su iya juyawa ba. Su ne da akwatin, kwana bakwai, a gida ɗaya. Raba alamunka a kan kwanakin, kada ka zube su a lokaci guda. Ka kuma bar musu wurin hira. Mafi daɗin abin da na ji a wancan zama gardama ce a ɗakin cin abinci a kwana na huɗu, bayan sun buɗe sun ga buhunan iri da wasiƙar manoma a saman na farko. Matuƙi ya ce amana aka ba su, a kai kaya yadda aka karɓa. Likita ta ce in tsatsar nan ta sauka a gonakin can, abin da ya rage wa mutanen ma zai tafi. Injiniya ya ce a tura na ukun waje ta zauren iska, wato ƙofar fita sarari, a kai biyu, kyaftin ya tambaye shi wa zai biya tan huɗun da suka ɓace, ga banki yana jira. Kusan minti arba'in ban ce uffan ba. Shirun nan shi ne aikin alƙali a lokacin, kuma ya fi magana wuya.

Ka lura buɗewar a tsakiyar labari ta zo. Kai ka ɗauka buɗe akwati shi ne ƙarshe, shi ya sa kake jinkirta shi. In abin da ke ciki ya bar su da zaɓin da kowane ɓangarensa yake da ciwo, to sun buɗe a minti na goma ma ba ka yi asara ba, sai dai gardamar ta fara da wuri. Abin da zan hana ka shi ne dodo. Kowa dodo yake fara sawa, 'yan wasa kuma sun san da haka, suna shiga ɗakin kaya da bindiga a hannu. Dodo yana ba ka faɗa ɗaya ya ƙare. In tsoro kake so ka ja tsantsa, akwai wasan Mothership da ya fito a 2018, wanda aka gina shi a kan taruwar damuwa da firgita, can dodon yake da gida. A Traveller abin da ya fi tsorata mutane shi ne takarda, hukuma da bashi.

Kada kuma ka bari isowa ta wuce salin alin. Kumbo yana fitowa daga tsalle ne nesa da duniyar, aƙalla ninki 100 na faɗinta, kuma ga duniya mai girman tamu tafiyar nan ta kai sa'a shida da ɗoriya ga ƙaramin kumbo. Duba lambar doka, wato mai nuna tsananin dokar wurin, a bayanin duniyar da za su sauka. In babba ce, jirgin kwastan zai kira su tun suna hanya ya ce su shirya takardu. Sa'o'i shidan nan su ne na ƙarshe da za su gyara hatimi, ko su shirya ƙarya, ko su yanke shawarar faɗin gaskiya. Jami'in da zai shigo kada ka yi shi mugu. Yi shi mutum mai gajiya da ya san aikinsa, wanda zai tsaya daidai gaban akwatin da aka taɓa ya yi tambaya ɗaya a hankali. Duk abin da suka zaɓa kuma ya bi su zuwa zama na gaba: manoman da za su riƙa tunawa da su, ko kamfanin da ya rubuta lambar kumbonsu, ko mai kayan da yake neman cikon tan huɗunsa.

Game da akwatinka na ranar Asabar, bai lalace ba, tunda har yanzu yana ɗakin kayansu a rufe. Zauna yau ka rubuta layukan nan huɗu. Ka ce ƙarfen ba ya yankuwa, to nemo dalili: wa yake da kuɗin ƙera irin wannan akwati, kuma me yake tsoro, fitar abin da ke ciki ko shigar wani abu? In kun zauna, ka fara da injiniyan, tunda shi ka fi toshewa. Ce masa da ya koma ya duba inda ya gwada yankawa, ya ga fentin da ya ƙone ya tona wata lamba a ƙasa, kuma ba ita ce ke kan takardar lodi ba. Turo mini layukan kafin Juma'a in duba maka su.