Na'urar lantarki a goshi: za ta dawo wa Baba da natsuwarsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 71. Kwanan nan hankalinsa ba ya tsayawa wuri guda. Ana cikin hira sai ya yi shiru kamar ba ya wurin, in kuwa rediyo na kunne, sai an maimaita masa magana sau biyu. Na ga tallar wata na'ura a intanet da ake ɗaurawa a goshi, wai tana tura lantarki cikin ƙwaƙwalwa ta ƙara natsuwa. In saya masa?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Shawarata ita ce kada ki saya tukuna.

Ba wai dabarar ƙarya ba ce. Masana na kiranta tDCS. Ana jiƙa soso biyu da ruwan gishiri a manna a fatar kai, galibi a gefen goshi, saman sashen ƙwaƙwalwar da ke tsayar da hankali kan abu ɗaya. Sai a saki lantarki ɗan mitsitsi, miliamfa 1 zuwa 2, na kimanin minti 20. Mutum yana zaune idonsa biyu, abin da zai ji ɗan ƙaiƙayi ne, wurin kuma kan yi ja. Lantarkin ba ya tilasta wa jijiyoyi aiki, yana dai sa su saurin amsawa idan saƙo ya iso. Masu bincike biyu, Nitsche da Paulus, suka nuna haka a Göttingen ta Jamus a 2000.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ɗaga sunan wannan fanni shi ne aikin Robert Reinhart na Jami'ar Boston a Amurka. A 2019 ya gwada wani nau'in lantarki mai kai da komo a kan dattawa 'yan shekara 60 zuwa 76, na minti 25, sai ikonsu na riƙe abu a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci ya matso kusa da na matasa. A 2022 ƙungiyarsa ta gwada mutum 150, minti 20 kullum har kwana 4, kuma amfanin bai gushe ba bayan wata guda. Ni kaina labarin ya faranta mini rai. Sai dai a ɗakin bincike aka yi, da na'urar da ƙwararru suka saita, aka kuma auna da gwajin tuna kalmomi ko hotuna.

Da aka zo babban gwaji a ƙarƙashin Jami'ar Florida, mai dattawa 379 na tsawon mako 12, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna waɗanda aka sa wa lantarkin gaske ba su fi waɗanda aka sa wa na bogi ba. Ga kuma wata matsala: ƙwaƙwalwa na ɗan ƙanƙancewa da tsufa, ruwan da ke kewaye da ita ya ƙaru, don haka lantarkin da ke isa ciki ya bambanta daga wannan tsoho zuwa wancan. Mai talla ba ya aunawa. Na'urar gida na iya ƙona fata, kuma tana da haɗari ga mai farfaɗiya, ko wanda aka dasa wa ƙarfe a ka, ko wanda aka dasa wa batirin zuciya.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne rediyon nan. Tsohon da jinsa ya ragu yakan ji mutum ɗaya a ɗaki shiru, amma da hayaniya ta shigo sai kalmomi su cakuɗe masa, ya gaji da ƙoƙari, ya yi tsit. 'Ya'ya su ɗauka hankali ne ya tafi, alhali kunne ne. Ki fara kai shi gwajin ji.

Ranar zuwa asibiti ki tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na barci da na mura, domin irin su diazepam da Piriton na dusashe hankalin tsofaffi. A duba hawan jini, suga, maƙoƙo da bitamin B12. Ki faɗa wa likita ko yana minshari mai yankewar numfashi, ko ya daina jin daɗin abubuwan da yake so a da. Idan kuwa ruɗewar ta zo farat ɗaya, cikin awanni ko kwana biyu, kada a jira ranar ganin likita, a kai shi sashen gaggawa nan take.